Waken Bana Na Nan a Ɗaki, Mun Kasa Ci

Zuwa ga Manajan kamfanin maganin feshi mai shuɗiyar jarka, reshen Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni manomi ne a yankin Kiyawa, na tsufa a kan fartanya. Ban zo da faɗa ba, ranka ya daɗe. Kaina ne ya ɗaure, kuma an ce matambayi ba ya ɓata.

Na farko. Da damina, tsutsa ta faɗa wa wakena yana tsakiyar fure. Na je kasuwa wurin mai maganin feshi. Ka san irinmu ba ma sayen jarka guda. Murfi-murfi ake auna mana a robar lemo, a ɗaure bakin da leda, mu rataya a babur. Haka aka auna mini, na fesa, tsutsa ta mutu. Da ta sake ɗagowa gab da roro, na ƙara da ragowar. Maganinku yana aiki, wannan kam ba zan ci amanarsa ba.

Na biyu. Bayan roro, mai ɗakina Hajiya Asabe ta zuba wa awakinta harawar gonar. Biyu suka kama dalala da karkarwa, ɗaya ta tashi, ɗaya sai wuƙa. Ban ce maganinku ne ba, don dabba tana da ajalinta. Amma tun ranar Hajiya ta rantse ƙwayar waken nan ba za ta shiga tukunyarta ba sai an gaya mata ba ya kisa. Ni kuma ban isa in ce mata ba ya yi ba, tunda ban sani ba.

Na uku, kuma a nan na rikice. Na je wurin malamin gonarmu, mutumin kirki. Ya ce in kwantar da hankali, yanzu zamani ya zo da sauƙi: kamfaninku ya cika duk ƙa'idar hukuma, ya zuba bayanin magani kaf a wani zane mai kusurwa huɗu a jikin jarka, baƙi da fari, kamar hatimin da ake zanawa a allo. In an ɗora masa waya, sai ya faɗi abin da ke ciki, da tsawon lokacin da za a jira kafin a ci amfanin gona. Ya ce in kawo mazubin. Na miƙa masa robar lemo. Ya dube ta, ya dube ni.

Muka koma wurin mai magani. Ya ce ai jarkar ta ƙare tuntuni, ya sayar wa wani mai bumburutu a bakin titi. Muka bi sawu har muka same ta, cike da fetur. Malamin gona ya ɗora waya a kan zanen, waya ta yi tunani, ta fito da koren maki, ta shaida cewa abin da ke cikin jarkar nan maganin ƙwari ne na asali, ingantacce. Mai fetur ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe shi ya sa babura ke gudu.

To, ranka ya daɗe, zanen nan jarka yake wa shaida ko abin da ke cikinta? In yau ya shaidi fetur, yaya zan yi in san abin da ya shaida ranar da aka auna mini? Mai magani ya ce iyakar saninsa daga cikinta ya zuba, sai dai wani lokaci yakan juye ragowar wata jarka a cikin wata don ya samu wuri. Sauran bayanin da wayar ta fito da shi kuwa Turanci ne zalla, shafi bayan shafi, kuma wurin da ya kamata a ga maganar jira, malamin gona ya ce an rubuta a duba jikin kwalba. Wace kwalbar?

An ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Mu mun san damin, tsoronsa muke ji. Wani maƙwabcina ya ba ni shawara in kai waken kasuwa in huta. Ban iya ba. Abin da na hana jikokina, ba zan auna wa jikokin wani ba.

Roƙona kaɗan ne. Ku ba masu awo 'yar takarda da Hausa, ko da ajami, su riƙa liƙawa a kowace roba. Jarkar da ta ƙare kuma ku karɓe abinku, kada ta ci gaba da yawo tana ba da shaida. Sannan, don Allah, ka turo wanda ya san aikin ya ɗebi waken nan ya gwada. In ya ce a ci, Hajiya ta ɗora tukunya. In ya ce a binne, ni da kaina zan haƙa ramin, noman shekara guda ne, Allah zai mayar. Amma a yi da wuri, don ƙwari sun fara huda buhun, kuma su ban ga abin ya dame su ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare zuri'arka daga cin abin da ba su sani ba.

Wassalam.

Malam Haruna Na-Abu,
daga yankin Kiyawa.