Kifin Suruki

Tungar Masu, Sabon Birni
12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga maigidana, Abban Lubna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewa, da fatan kana lafiya, Lubna ma tana lafiya a wurin Hajiya kakarta. Yaya aikin ɗakin gwaji? Yaya kuma tuwon da kake tuƙa wa kanka? Allah ya sa ba ka ƙona min tukunya ba.

Na iso lafiya. Abin da muka ji gaskiya ne, an yanke sabis ɗin waya daga Isa har Sabon Birni saboda 'yan bindiga, wayata ta koma tocila. Sai ka shirya fama da rubutuna da kake cewa kamar tafiyar kaza. Usmanu direba, da zai riƙa kawo maka kular kifi Sakkwato, shi zai riƙa kawo takardata.

Na je na ga tashar lantarkin da idona. Kamfanin ya gina ta a gaɓar Rima, sama da tungarmu kaɗan. Baƙin mai suke ƙonawa, a bayan katangarsu kuma akwai tulin toka da matattun batura da aka farfasa, ruwan sama na wanke su zuwa gulbi. Ruwan da suke sanyaya injina da shi yana fitowa da ɗumi ya zuba a wani gurbi da mutanenmu suka raɗa wa Gurbin Inji. Tarwaɗa ta taru a wurin ta yi ƙiba, masunta sai murna suke yi. Aikin yana nan yadda jami'a ta tsara mana. Ni in tattaro kifi daga saman tashar da kuma cikin gurbin, in sa wa kowane alama, kai ka auna dalma da sauran ƙarafa masu guba da ke jikinsa.

Ka san ni 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma zama ya yi dogon zance da ni. Shi ne Sarkin Ruwa, ba mai jefa ragar birgi a ruwa ba da izninsa ba, don haka ta bakin ƙanwarsa, Goggo Tani, na aika masa da buƙatata. Ya ce an gama. Kifin da ke cikin kular nan shi ya aiko, rabi na sama, rabi na gurbi. Ka dube su don Allah, an farke, an wanke, an jera kamar kayan lefe. Na ce ina son hantarsu domin can gubar ta fi taruwa, Goggo ta riƙe baki ta ce wa ya taɓa aika wa suruki kifi da kayan ciki. Ka auna tsokar haka nan, karo na gaba za ni san dabara.

Albishirinka, ƙanwata Ni'ima ta sauka, namiji, an sa masa Anas. Tana nan gida wankan jego. Hancinsa irin na Baba ne, Allah ya raya shi duk da haka.

Ka sumbaci Lubna a madadina.

Matarka,
Lailatu


Tungar Masu
26 ga Satumba, 2021

Abban Lubna,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan ka warke daga murar da ka ambata. Ka daina kwana ƙarƙashin fanka, ba ka jin magana.

Sakamakon ya iso. Da na ga kifin sama da na gurbi duk lafiya lau, sai da na yi hamdala. Amma na sake dubawa, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ta yaya kifin da ke kwana ƙarƙashin tulin batura zai zo daidai da na sama, kamar uwa ɗaya ta haife su? Ba na zargin na'urarka, na san yadda kake lallaɓa ta fiye da ni.

Na zauna da Goggo tana tsinke zogale, na yi ta janta da hira har ta saki baki. Ashe babu kifin gurbi ko ɗaya a cikin kular. Na sama ma ba na sama ba ne. Baba da ya ji cewa hannunka kifin zai je, sai ya ɗauke shi tsarabar suruki. Tarwaɗar gurbi tana ɗan warin mai, shi kuwa ba zai yarda a ce Sarkin Ruwa Wada ya aika wa mijin 'yarsa kifi mai wari ba. Sai ya tashi da kansa ya tafi wani tafki can bayan Kurawa, ta hanyar da ko masu babur suka daina bi saboda 'yan bindiga, ya kamo maka karfasa da tarwaɗa masu kyau, ya raba su gida biyu tunda biyu na ce. Na rasa dariya za ni yi ko kuka. Tsohon nan ya sa ransa a kasada don kada ya ji kunyarka, kai kuma ka narkar da tsarabarsa a kwalba.

Abin da ya tsinka min zuciya ya fi wannan. Na tambayi Goggo ina kifin gurbin yake zuwa. Ta nuna min tukunyar da ke kan murhu. A gidan masunta, kan babbar tarwaɗa da hantarta na mai jego ne, ana yi mata romo don ruwan nono ya kawo. Kullum Baba sai ya ware wa Ni'ima mafi girma daga cikin gurbin, tun tana da ciki. Safe da yamma take sha, Anas kuma yana shan nononta.

A ƙaramar ledar da na ɗaure da jan zare akwai hanta. Daga hannun Goggo na fizge ta kafin ta shiga tukunya, ta bi ni da ludayi har ƙofar ɗaki. Ka ajiye duk wani aiki ka fara da ita. Ina jin tsoro, ba za ni ɓoye maka ba.

Taka,
Lailatu


Tungar Masu
5 ga Oktoba, 2021

Maigidana,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Ina fatan kuna lafiya. Na gode da ba ka sassauta min gaskiya ba.

Na karanta abin da ka samu a hantar, dalma ce mai yawan gaske. Na kuma fahimci abin da ka ce, hanta ɗaya daga tukunyar gida ba ta isa hujja gaban hukuma ba, sai an sami kifi ɗungum daga gurbin, da shaidar wanda ya kama. Wato dai komai ya sake komawa hannun Baba.

Na faɗa wa Ni'ima. Ta rungume yaron ta yi ta hawaye, ta ce Yaya, ta yaya za ta mayar da kwanon da mahaifinta ya aiko? Yanzu dai karɓa take yi, ni in zubar a bayan ɗaki in rufe da ƙasa don kada kaji su ci. Ba abin da zai ɗore ba ne. Kuma ba ita kaɗai ce mai jego a tungar nan ba.

Na sake aika Goggo. Amsar da ta dawo da ita ita ce, shi da ubansa da kakansa kifin Rima suka ci suka girma, kuma babu dafin da wuta ba ta kashewa. Na ce ta faɗa masa dalma ba ƙwayar cuta ba ce, ko an kwana ana tafasa ta tana nan. Goggo ta ce ita ba za ta iya kai wannan ba, ba ta gane shi ba balle ta maimaita. Ban ga laifinta ba. Ban ga na Baba ba ma, domin idan ya rufe gurbin, mutanensa sai dai su nufi tafkunan da ake sace mutane a hanyarsu.

Ka ce za ka zo da kanka. Kada ka zo. Hanya ba kyau, kuma in ka zo me za ku yi? Ka durƙusa kana kallon ƙasa, shi yana kallon bango, ku yi ta gaisuwa har rana ta faɗi. Ni za ni je. Tun da na yi wayo ban taɓa tsayawa gabansa na kai magana ƙarshe ba, amma gobe in Allah ya kai mu za ni same shi a bakin ruwa. In za a ce 'yar boko ta zubar da kunya, a ce. Ka sa ni cikin addu'a.

Lailatu


Tungar Masu
8 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Abban Lubna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaishe da Hajiya, a shafa min kan Lubna. Ka karanta wannan kafin ka buɗe kula.

Na je. Da hantsi na same shi yana gyaran taru, masunta kewaye da shi. Na cire takalmi na durƙusa a cikin laka. Da ya gan ni sai ya juya fuska wajen ruwa, mutane suka fara zamewa, na roƙe su su tsaya don maganar ta shafi 'ya'yansu. Na tuna masa yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe, waɗanda ya ji labarinsu a rediyo. Na ce ita ce a hantar tarwaɗar gurbi, kuma daga romo take bi ta nono ta shiga kan jariri. Ba ta da ɗanɗano, ba ta nuna kanta sai yaro ya ƙi tafiya ko ya ƙi magana. Na ce mijina ba cin kifin nan yake yi ba, bincikensa yake yi kamar yadda likita ke duba jini, kuma kifin kirki da aka aika masa shi ya ɓoye mana cutar. A ƙarshe na ce, Baba, ba don jami'a na durƙusa ba, don Anas ne.

Ya ci gaba da ɗinkin tarunsa har na gaji na tashi. Na koma gida na yi kukan da na daɗe ban yi ba, ranar kuma ba a aiko wa Ni'ima kwano ba, ba a kuma ce don me ba.

Yau da safe ina shirya ƙanƙara Goggo ta shigo da gudu ta ce in fito. Baba ne a ƙofar gida, jiƙe har ƙirji, da tarwaɗar gurbi a kafaɗa mai tsawon hannuna, ba a farke ba, ba a wanke ba, laka na ɗiga a rigarsa. Masunta biyu na bayansa da wasu. Da hannunsa ya sa ta cikin kular. Goggo ta raɗa min cewa tun asuba ya kafa gora da ganyen kaba a bakin Gurbin Inji, alamar Sarkin Ruwa ya rufe ruwa, ya kuma raba masunta su riƙa fita sama da tashar a ƙungiya. Wasu sun yi gunaguni, bai saurare su ba. Ya ce duk takardar da za a kai wa hukuma a kawo ya sa hannu.

Sannan ya yi magana, yana kallon murfin kular. Na rubuta maka yadda ta fito daga bakinsa. Ya ce, “Wanga shi na ware ma mai jego. Ki hwaɗa ma mijinki shi yi haƙuri, ban taɓa aike ma suruki abu haka ba. Shi duba mani jikana, Lailatu.”

Ban san ya iya faɗin sunan ba.

Ni'ima da Anas suna cikin motar Usmanu tare da Goggo. Ka kai su asibiti a ɗebi jininsu tun kafin su sauke kaya. Ban san abin da za a gani ba, ina dai roƙon Allah ya sa mun yi sauri. Ni ina nan, akwai sauran gidaje masu jego da za ni shiga, kuma wata mai zuwa ma sai an kama kifi an auna, har sai an kwashe tulin nan daga gaɓa.

Kular za ta yi wari, na sani. Kada ka bari wani ya sauke ta. Ka fito da kanka ka karɓa da hannu biyu.

Matarka mai kewarka,
Lailatu