Amanar Basha

Daga Nabul, zuwa ga jikata Sirin.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, kuma kada ki leƙa ƙasan takarda, na san halinki. Wane ne aka fara fitarwa daga gidan nan, kuma shi kaɗai ne ba zai tashi ba?

To, assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da ke da karatun, da sanyin Liyon da kike ta yi mana kuka da shi kamar mu muka aike ki. Allah Ya tsare ki, Ya ba ki miji mai haƙuri, don zai buƙace shi. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ce dai ke gardama da matakala. Babanki Munsif ya ƙara tumbi, uwarki Najat kuma ta ce laifin girkina ne.

Kin san maganar sayar da gidan nan. Dillalin da babanki ya kawo, Si Lutfi, wani siriri mai turare kamar amarya, ya ce ranar Asabar za a buɗe ƙofa duk mai so ya shigo ya duba. Ya zaga ɗaki ɗaki yana yatsina fuska. Wai a sauke hotunan bango, har na marigayi kakanki. Wai a kwashe barkonon da na shanya a soro, a shafe tsakar gida da farar ƙasa, kada a soya kifi, ni kuma in zauna a kujera in yi shiru. Na ce masa da ya sa a shafe ni da farar ƙasar ma ya huta. Da ya ga kunkurunki Basha a gindin lemo kuwa, sai da ya ja da baya. Ya ce a ɓoye wannan dutse mai ƙafa.

Sirin, ban manta ba. Ranar tafiyarki kin riƙe hannuna a bakin ƙofa, kin sa na rantse zan riƙe miki Basha har ki dawo, ko ina muka koma. Don haka na sa shi a kwandon wanki, na rufe da zani, na tura ƙarƙashin matakala, na ba shi latas da haƙuri.

Ranar Asabar gida ya cika. Mutane na buɗe mini kabad, suna ƙwanƙwasa bango. Ni dai ban iya ganin baƙo a gidana baki bushe ba, na ɗora shayi, Si Lutfi yana harara ta. Ina cikin zubawa sai ga Basha ya kifar da kwando, ya fito tsakiyar jama'a yana jan zanina kamar ango. Akwai wata yarinya mai ciki, Wafa, cikin ya tsufa, ta zo da mijinta da uwarsa. Ta durƙusa da ƙyar, ta zuba masa ido, ta ce wallahi ranta ya biya da shi, ba ta taɓa son abu haka ba. Uwar mijin ta dafe ƙirji. Ke ma kin san abin da ake faɗa: mai ciki ta yi kwaɗayin abu a hana ta, ya fito a jikin jariri. Na hango yaron mutane da zanen ƙoƙon kunkuru a gadon baya, ana nuna shi a gidan wanka ana cewa aikin tsohuwar nan ne. Uwarki tana ta tsungulina, amma bakina ya riga ya ce ɗauki, 'yata, naki ne.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Da safe in yanka latas, sai in tuna. Babanki ya ce ai kunkuru ne kawai, na ce shi ma ai ɗa ne kawai. Ba zan ce cikin Wafa ne ya tilasta ni ba. Kunyar baƙi na ji fiye da taki, don ke kina nesa, ba ki ganin fuskata.

Na yi ƙoƙari, Allah shaida. Na karɓi kwatancen gidansu wurin Si Lutfi, na cika faranti da makrud, alkakinmu mai zuma, na tafi da niyyar roƙo. Na tarar da Basha a barandar bene, an shafa masa man zaitun yana ƙyalli, yana cin tumatir, ko kallona bai yi ba, butulu. Wafa ta sumbaci kaina, ta ce tun zuwansa take barci lafiya, sai dai tausayinsa take ji, ba ƙasa ba inuwa. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta watan haihuwa. Na je karɓo kunkuru, na dawo da farantina cike da dabino.

Ki yi fushi, kina da gaskiya, amma ki rubuto. Ko zagi ne zan sa tabarau in karanta. An sayar da gidan, bayan Sallah za mu koma benen da babanki ya kama, inda ko tukunyar na'ana'a ba ta da wurin zama.

Gwaggonki Latifa tana gaishe ki, da kawunki Ridha, da maƙwabciyarmu Habiba wadda ta riga ta baza labarin a unguwa. Ki gaishe mini da Durra, ƙawarki da kuke ɗaki ɗaya.

Kakarki mai laifi,
Mabruka

Amsar kuwa Basha ne. Wafa da mijinta su suka sayi gidan, ta ce don ya koma gindin lemonsa.