Dillali Ya Huta a Inuwa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, ya bar mana ke. Mu nan lafiya lau, yau ma da farin ciki na ɗauki biro.

Kin san tun da muka kama hayar gidan nan bangon ɗakin yara yake tsattsafo da ruwa. Fenti ya kumbura, fumfuna ta hau har saman taga, Auta kuwa tari ya ƙi barinta. Likita ya ce muddin tana shaƙar warin ɗakin nan, magani aikin banza ne. Wallahi Yaya, har kuka na yi. Dillalin da ya ba mu gidan na kira shi ya fi sau goma. Na ce masa laima ta cinye mana bango, ya yi dariya, wai laima ai abin arziki ce, in adana ta saboda ranar ruwa. Da ya ga dama ya zo, daga bakin ƙofa ya leƙa, ya ce neman magana nake yi, wannan inuwa ce kawai.

To, kin san halin ƙanwarki, ban yi masa musu ba. Ranar ya sha farar riga ƙal, ta sha guga. Na shimfiɗa darduma a jikin bangon, na ce ya shigo ya huta a inuwar tasa. Na kawo shayi, na ja shi da hira har ya saki jiki ya jingina. Da ya miƙe, bayansa sharkaf, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya! Baban yara sai waje ya yi, don kada dariya ta tona mana asiri.

Washegari da safe sai ga mai gyaran famfo da magini, dillalin ne ya turo su. Ashe bututu ne ya fashe a cikin bango. Suka canza shi, da wurin ya bushe aka yi sabon shafe da fenti. Yau mako uku ke nan ban ji tarin Auta ba. Jiya tana ta tsalle a kan gado tana ihu, na buɗe baki zan tsawata mata, sai na ji hawaye na zubo mini, na ƙyale ta ta yi abinta.

Ki gaishe mini da Inna da Kawu da Gwaggo. Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, takwararta Auta ta warke sarai.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Auta