Keken Baba da Ƙaramar Kwamfuta

Zuwa ga Mamata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya jikin Yaya, ya kuma ɗan baƙonmu? An ce ya ɗebo hancin Baba, Allah ya sa bai haɗa da taurin kan ba.

Mama, akwai labari. Kin san tsohuwar kwamfutar shago, wadda take tura wa keken surfanin Baba zane? Bayan tafiyarki ta mutu murus. Keken kuwa ba ya jin maganar kowa sai tsohuwar manhajar nan, ita kuma sababbin kwamfutoci ba sa karɓarta. Baba bai gaya wa kowa ba, ya je ya yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, za a zo a kwance keken ranar Asabar. Na tarar da shi a shago yana ninke yadi ɗaya yana warwarewa. Kin san in keken nan ya fita, shagon ma ya rufe.

Na roƙe shi ya ba ni dama. Na kai kwamfutata, wadda na sa wa babbar manhaja ta kyauta, na sauko da wata manhaja mai gina ƙaramar kwamfuta a cikin babba, na zuba tsohuwar manhajar keken a cikin ƙaramar. Kamar dai a ja labule a falo a yi wa tsohuwa ɗaki. Da farko ta ƙi tashi, ashe akwai wani makunni can cikin saitin inji da yake a kashe. Ina kunna shi, sai ga tsohuwar fuskar nan da ɗan kiɗanta na buɗewa. Baba har ya miƙe tsaye. Zane-zanensa duk na kwaso su daga faifan tsohuwar, ba wanda ya ɓata.

Sai kuma ƙaramar ta ce ba ta ga wayar keken ba, alhali ga ta a soke. Na yi ta bincike har na gano sai na sa sunana cikin waɗanda aka yarje wa taɓa wayoyi. Kwamfutata ce fa, amma sai da na nema wa kaina izini. Na kashe na kunna, allura ta motsa, Mama. Don murna na rungume matar nan tela da ke maƙwabtaka da mu, baiwar Allah tana riƙe da almakashi.

Ki gaida Yaya da mijinta.

'Yarki,
Auta

Mamata,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafarki ta daina kumburi, jariri kuma yana barinku ku runtsa.

Murnata ta koma ciki. Da safe na tafi aiki na bar Baba da kwamfutar. Wani saƙo ya fito yana tambaya ko a sabunta manhaja. Ke kin fi kowa sanin mijinki, bai taɓa ce wa mai sallama a'a ba, ko da mai tallan maganin ɓera ne. Ya danna e. Sabuntawar ta canja zuciyar babbar manhajar, wato sashen da komai ya dogara a kansa, abin da ya haɗa ta da ƙaramar kwamfuta kuma an ɗinka shi ne daidai tsohuwar zuciyar. Yanzu ko an danna, jan rubutu kawai take fitarwa.

Na yi masa faɗa, ban ji daɗin hakan ba. Ko abincin rana bai ci ba. Ya ce shi ya san zamani ya wuce shi, ya kira mai ƙarafa ya ce ya zo da mota kamar yadda aka yi. Ina jin tsoro, amma ban haƙura ba. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta

Mamata ta kaina,

Gaisuwa a gurguje, ya kuke, ya jariri?

Mai ƙarafa ya zo da sassafe da sifanarsa, har ya tsuguna yana duba notocin keken. Ni kuwa ina ta kashewa da kunnawa, sai na lura da wani ɗan jerin rubutu da ke wucewa da sauri. Na tsayar da shi. Ashe tsohuwar zuciyar tana nan cikin jerin, ba a zubar da ita ba. Na zaɓe ta, ƙaramar kwamfuta ta tashi tsaf. Ban tsaya nan ba, na sauko da wani ƙunshin manhaja da na manta ban sa ba tun farko, wanda yake sake ɗinka mahaɗin da kansa duk sanda aka sabunta. Na koma sabuwar zuciyar, nan ma ta tashi. Na gaya wa Baba daga yau ya amsa sallamar kowa, ba abin da zai lalace.

Mai ƙarafa ya sha shayi, muka ba shi gawar tsohuwar kwamfutar don kada ya koma hannu rabbana.

Baba ya ture ni daga kujera ya buɗe zanensa da kansa. Ya wuce na manyan riguna duka, ya tsaya kan ɗan furen da ya ce ya zana lokacin da kika haifi Yaya. Ya yanko farin yadi mai laushi, ya ɗaura, ya tsaya a kan keken har allura ta gama, sannan ya ɗinka 'yar riga da yadin. Bai bar ni na taɓa komai ba.

Ga 'yar rigar nan cikin ƙunshin da na haɗo, a sa wa jariri. Za ki ga furen ya ɗan karkace, don lokacin da Baba yake ɗaura yadin idonsa ya cika da ƙwalla bai gani sosai ba. Don Allah kada ki ce masa kin lura.

'Yarki mai kewarki,
Auta