Wankin Cikin Tsohuwa

Litinin, 3 ga Maris
Auta ya ari motata jiya, wai zai canza mata baƙin mai. Yau nake jin ashe har da wani ruwan gwangwani ya ɗura mata, mai wanke dattin inji. Yana faɗa yana washe baki, wai wankin ciki ya yi wa Tsohuwa. Motar da na ci da iyalina da ita tun yana rarrafe. Wa ya aike shi?

Laraba, 5 ga Maris
Ɗigon mai a inda take kwana, faɗin faranti. Ba ta taɓa yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Fitilar mai ta kawo ja ina tsakiyar titi da fasinja cike. Inji ya hau ƙwanƙwasa, na kashe. Suka sauka suna tsaki, wata har tana cewa a ba tsoho kujera ya huta mana. Janwe ya kai ta gareji, ina biye a ƙafa kamar mai rakiyar gawa.

Asabar, 8 ga Maris
Makanike ya kwance kwanon mai ya nuna min. Baƙin abu kamar kwalta, guda-guda, ya toshe rariyar da ke tsotso mai. Ya ce dattin shekaru ne ya ɓamɓaro lokaci ɗaya. Robobin da ke hana mai yoyo kuma sun daɗe da mutuwa, daskararren dattin ne ya liƙe ramukan.
"Baba Direba, wannan dattin shi ke riƙe da ita."
Da ma na sani. Ba wanda ya tambaye ni ne.

Lahadi, 9 ga Maris
Tun bara yaran nan ke min waƙar in ajiye tuƙi, wai idona, wai gwiwata. Na ƙi. To ga shi an ajiye ni. Uwarsu ta rantse Auta bai yi da gangan ba. Ita ai ko gidan ya cinna wa wuta cewa za ta yi sanyi yake ji.

Talata, 11 ga Maris
Auta ya zo gaisuwa. Na amsa wa bango.

Alhamis, 13 ga Maris
Zaman gida ba daɗi. Na gyara ƙofar kicin da ba ta lalace ba. Mukullin motar na aljihuna, ina ta shafa shi kamar wani sakarai. Haushi nake ji, na kowa.

Asabar, 15 ga Maris
Na leƙa gareji, don dai kada a sace min batir. Sai ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin Tsohuwa, da takalmin zuwa aiki. Makanike ya ce Auta ne, tun Talata yake zuwa, ya ɗauki hutu, shi ke kankare dattin da hannunsa, shi ya yi yawon nemo robobin. Ya fito fuska duk baƙin mai, yatsa ɗaure da tsumma.
"Baba, so na yi ta ƙara maka shekaru."
Na ce ya matsa, ba haka ake riƙe sifana ba.

Litinin, 17 ga Maris
An ce gobe za a gwada tayar da ita. Ko ta tashi ko kar ta tashi, ban ce na huce ba. Na dai ba uwarsa mukullin ta kai masa, shi zai fara murzawa. Gwiwata ce ke ciwo.