Tumaki Jiƙaƙƙu a Shekarar Fari

Rumfar askin tumaki, kusa da garin Hay
Litinin

Zuwa ga abar ƙaunata Noeleen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Tilda. Yaya tarin Mama? Ni lafiya lau, sai kewarku.

Kin tuna Merrin, mai tantance mana ulu, wadda aka yanke wa ƙafa bara saboda ciwon suga? Ta dawo daga hutun jinya da ƙafar roba. Abu ɗaya ta roƙa: doguwar kujera a gaban teburin ulu. Haldane, ɗan kwangilar da muke wa aiki, ya ce rumfarsa ba asibiti ba ce. Da ta kai ƙara hukumar kare haƙƙin ma'aikata, sai ya sallame ta, wai aiki ya ragu. Ya ragu a ina, garke ko'ina cike da tumaki? Raina ya ɓaci ƙwarai.

Matar nan ba ta zubar da hawaye ba. Ta ninke atamfar aikinta, ta ce da shi, "Ƙafa aka yanke mini, Haldane, hannuna da idona suna nan. Mu haɗu gaban hukuma."

Kin san al'adarmu, in ana shakkar tumaki sun jiƙe, ƙuri'a muke jefawa a hula, kuma in ƙuri'ar ta ce jiƙaƙƙu, babu aski, don jiƙaƙƙen ulu lalacewa yake yi. To, tun ranar kullum jiƙaƙƙu take fitowa, alhali rabonmu da ruwa tun kafin Kirsimeti. Haldane ya yi ta kumfar baki: "Ruwan daga ina, don Allah?" Tsoho Col, wanda bai taɓa wuni bai yi faɗa da Merrin ba, ya ce, "Oho, maigida. Mu dai hannunmu ya ji danshi."

Ki shafa mini kan Tilda.

Naki har kullum,
Desmond

Rumfar aski
Asabar

Noeleen tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce Mama ta samu sauƙi.

Albishirinki! Mai gonar da muke wa askin ya gaji da ganin tumakinsa ba aski, ga takardar sammaci daga hukuma, dole Haldane ya sauko. An zauna sulhu, Merrin ta tsaya da kanta ta yi bayani, aka mayar da ita aikinta. Kujerar kuwa Col ne ya ƙera ta, yana ta gunaguni wai don kada ta faɗi ta ɓata masa ulu.

Ga abin dariya. Ana gobe za ta dawo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe muka jefa ƙuri'a, kowa ya rubuta busassu, don dai ta fara aiki a ranarta. Ta hau kujera, aka shimfiɗa mata ulun farko, ta cusa hannu ciki, ta ɗago ta harare mu.

"Jiƙaƙƙu ne. Ku kashe injin askin. Na gode da ƙaryar da kuka yi domina, amma ba za a yi ta a teburina ba."

Noeleen, Col ya juya baya yana goge ido, wai gashin tumaki ne ya shiga. Ban taɓa ganin mutum ya burge ni kamarta ba. Muka kashe injin, muka wuni zaune, ita a sama kan kujerarta.

Naki mai begenki,
Desmond