Kunun Kosiso

Dutse Uku, Jos
4 ga Yuni

Yaya Natana'el,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan aikin asibiti yana tafiya lafiya. Tunda waya ba ta shiga ƙauyen naku, na ba direba wannan.

Baba ya sake faɗuwa. Karo na uku ke nan tun da likita ya yanke masa rabin tumbi. Zufa ta karyo masa, hannu na rawa, har ya kira ni da sunan marigayiya Mama. Na lura da abu ɗaya: duk ranar da Kosiso ta kawo kunun gyaɗa, awa biyu da shansa sai ya zube. Ka san Baba, dattijon coci, ba ya mayar da abin da mai dubiya ya kawo.

Matan zumuntar coci sun fara magana. Na san ita za ka aura, kuma kowa ya san yadda Baba ya daɗe bai yarda ba. Jiya na tare ta a ƙofa, a gabansu, na ce ta koma da kwanonta. Ka yi fushi in ka ga dama. Tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Loyis


Gembu
11 ga Yuni

Loyis,

Na amsa gaisuwarki. Ki karanta wannan da kyau.

Babu wanda ya sa wa Baba guba. Idan abinci ya isa hanji, hanjin yana sakin wasu sinadarai da ke sanar da jiki ya fitar da insulin don rage sukarin jini. Da, tumbi ne ke tura abincin kaɗan-kaɗan. Yanzu na Baba ya ƙanƙance, abin zaƙi yana zubowa hanji gaba ɗaya, saƙon ya yi yawa, insulin ya yi yawa, bayan awa biyu sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas. Wata rana zai faɗi a kan dutsen tsakar gida ba kowa kusa.

Ki raba masa abinci sau shida: wake, ƙwai, gwaten acha da ganye. Ban da zaƙi. Ki mayar da shi wurin likitansa makon nan.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Kafin in taho na gaya wa Kosiso kada ta sa sukari ko ƙwaya ɗaya, ta kuma yi mini alkawari. Ki tambaye ta. In ta saɓa, ni zan yi magana da ita, ba matan zumunta ba.

Ki gaida Baba.

Yayanki,
Natana'el Pwajok


Dutse Uku
22 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Likita ya faɗi abin da ka faɗa. Kusan mako uku ke nan Baba bai faɗi ba, jiya har coci ya je da ƙafarsa.

Ban tambayi Kosiso ba, domin babu buƙata. Kunun nata lami yake zuwa. Ni ce nake ɗanɗanawa in ce wannan ba ta iya girki ba, sai in zuba sukari cokali huɗu in kai masa, don ya samu ƙarfi.

Na faɗa wa matan zumunta gaskiya ranar Laraba, a tsaye. Daga nan na wuce gidansu Kosiso. Mamanta ta ce mini, "Ba ta nan, 'yata." Takalmin Kosiso kuwa yana bakin ƙofa.

Baba yana tambaya me ya sa surukarsa ta daina zuwa. Karo na farko ke nan da na ji ya kira ta haka. Gobe zan koma gidansu.

Ka yafe mini.

Loyis